Kada Zato Ya Raba Ku: Yadda Ake Gane Mutum a Neman Aure da Abota

Na daɗe ina koyar da matan aure da 'yan mata a wata Islamiyya a cikin birnin Kano, kuma a danginmu ni ake yawan turawa idan za a yi binciken aure, ko idan yara sun saɓa ana neman mai shiga tsakani. Abin da wannan kai-komo ya nuna mini shi ne, yawancin neman auren da ya watse da abotar da ta mutu, babu mugu a cikinsu. Wani ne ya ga abu ko ya ji magana, ya fassara yadda ransa ya ba shi, ya kuma yi aiki da fassarar tun kafin ya tambaya.

Kuskuren iri biyu ne. Akwai wanda ya hango raini a inda babu shi, ya yar da mutumin kirki. Akwai kuma wanda ya hango so ko amana a inda babu su, ya zuba shekarunsa da kuɗinsa da sirrinsa, daga baya ya zauna yana cewa an yaudare shi. An fi yi mana wa'azi a kan na farko, amma na ga na biyun ya kwantar da saurayi rashin lafiya, na ga ya sa budurwa ta kori manema na gaske tana jiran wanda bai taɓa niyyar turowa ba. Da ku nake, 'ya'yana samari da 'yan mata, har da iyayen da ke tsaye a kanku.

Raba abin da ka gani da abin da ka raya

Idan ranka ya ɓaci da wani, kafin ka kira shi ko ka kai ƙararsa wurin kowa, faɗa wa kanka abin da ya faru tsurarsa. "Na gaishe ta a wurin biki ba ta amsa ba." Wannan shi ne abin da ya faru. "Tunda ta auri mai kuɗi ta fi ƙarfinmu." Wannan kuma zuciya ce ta ƙara. Yawancin masu zuwa wurina da kuka na biyun suke kawowa, sai na yi ta tambaya kafin mu tono na farkon. Sau da yawa idan muka tono shi, mai ƙarar da kansa yake ganin abin bai kai ya kawo ba.

Bayan haka, nemo wa abin dalilan da ba su shafe ka ba. Ƙarar kiɗa ta hana ta ji. Tana neman yaronta a cikin taro. Ta baro mara lafiya a gida. Idan ka kasa samo ko ɗaya, to har yanzu zuciya ce take jan ka, ka bari ta huce ko da zuwa wayewar gari ne. A Suratul Hujurati, aya ta 12, Allah Ya ce mu nisanci da yawa daga zato domin wani zaton zunubi ne, kuma a cikin ayar ce Ya hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu a bayan ido. Haka kuwa abin yake tafiya. Zato ne ke sa mutum ya leƙa wayar wani, leƙen kuma ya kai shi ga gulma.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ni ban cika dogara da fuska ba. Akwai wanda Allah Ya halitta da ɗaurarriyar fuska amma zuciyarsa fes, akwai mai yawan dariya wanda ba ya riƙe amanar kowa. Yunwa da bashi da ciwon kai duk suna ɗaure fuska. Yaro mara magana da ya zo gaishe da surukai ya sunkuyar da kai yana amsawa da ƙyar, sai a tashi a ce girman kai ne da shi, alhali hannunsa rawa yake yi don tsoro.

Waya ta ƙara dagula lamarin. Tun da WhatsApp ya kawo shuɗin alamar nan biyu a 2014, wadda ke nuna an buɗe saƙo, ba na iya ƙirga faɗan da ta haddasa. "Ta karanta ta share ni." Ɗana, ka san wa ke riƙe da wayar? A gidaje da yawa ƙanne ne ke yawo da ita suna wasa, saƙo ya buɗe ba ta sani ba. A wasu gidajen uwa ce ke karɓe ta bayan isha'i. Wani lokaci tana wurin mai caji, ko data ta ƙare ana tsakar hira. Rubutu kuma ba ya ɗauke da murya, maganar wasa sai ta fito kamar baƙar magana. Don haka ƙa'idata ɗaya ce: duk maganar da za ta iya raba ku, kada a yi ta a rubuce, kada kuma a yi ta cikin dare. Ka kira, ko mafi kyau ka je da ƙafarka.

Haka habaicin da ake ɗorawa a sitatus. Mutum ɗaya zai rubuta "Allah Ya raba mu da munafukai", mutum biyar su kwana suna jin da su ake. Idan ba a ambaci sunanka ba, kada ka tanka. Kai ma kada ka ɗora, domin wanda ka nufa sau da yawa ba ya gani, wanda ba ka nufa ba shi ke ɗauka.

Akwai nauyi a kan wanda ake iya zarga shi ma. Annabi (SAW) yana i'itikafi, matarsa Nana Safiyya ta ziyarce shi da dare, ya fito raka ta, wasu Ansarawa biyu suka gan su suka ƙara sauri. Sai ya tsayar da su ya sanar da su cewa Safiyya ce, don kada Shaiɗan ya jefa musu wani abu a zuciya. Idan shi ya yi haka, ke me zai hana ki faɗa wa mai nemanki tun wuri cewa wanda ya sauke ki a mota ɗan kawunki ne? Magana ce ta minti ɗaya.

Kunya da kara da fara'a

A nan samari suka fi faɗawa, don haka zan daɗe a kansa. An tarbiyyantar da 'ya'yanmu mata a kan kada su wulaƙanta baƙo. Ka aika yaro ya ce ana sallama da wance, ta fito, ta shimfiɗa maka tabarma a soro, ta kawo ruwa da lemo, ta gaishe ka cikin ladabi. Duk wannan tarbiyyar gidansu ce, kuma wanda zai zo gobe shi ma haka za a yi masa. Wata babanta ne ya ce ta fita. Wata tana jin nauyin yayarka ce don ƙawarta ce. Ka kawo toshi ta karɓa ta yi godiya, domin mayar da hannun kyauta baya abin kunya ne a wurinmu. Kai kuma ka koma majalisa kana cewa magana ta ƙare.

To yaya za ka gane? Duba abin da take yi wanda ba dole ba ne. Tana tambayarka game da aikinka da mahaifiyarka, ta kuma tuna amsar a zuwa na gaba? Idan ka yi kwana biyu ba ka zo ba, tana neman jin lafiyarka da kanta? Ta sanar da yayarta ko gwaggonta zancenka? Ko kuwa kullum kai ne mai magana, ita tana wasa da bakin mayafi tana duba waya, kuma yawancin zuwanka sai a ce ta yi barci ko an aike ta? Sau ɗaya ko biyu uzuri ne. Idan ya zama kullum, amsa ce ake ba ka cikin mutunci, ka karɓe ta cikin mutunci.

Amma alamu ba sa wadatarwa, dole sai an tambaya, kuma tambayar tana da yadda ake yin ta. Idan ka ce "Kina sona?" ka tsare ta da ido, kunya za ta sa ta yi shiru ko ta ce "to", kai kuma ka fassara yadda kake so. Buɗe mata ƙofar cewa a'a. Ka ce: "Ni da aure na zo. Idan akwai wanda kike so, ko ban kwanta miki ba, wallahi ki faɗa mini ko ki sa Anti ta faɗa mini, ba zan riƙe ki ba, ba kuma zan kai ƙararki wurin Baba ba." Jimlar ƙarshen nan ita ce mabuɗin, domin yawancin 'yan matan da ke jan samari tsoron faɗan gida ne ke hana su magana. Sannan ka ba ta lokaci, ka kuma yarda amsar ta biyo ta hannun wata babba.

Wannan ya shafi makaranta da wurin aiki ma. Wadda ta ara maka littafinta a jami'a, ko take gaishe ka kullum a ofis, kirki ta yi. Kada ka fara ba abokai labarin kuna soyayya alhali ba ka taɓa furta mata ba. Ranar da labarin ya koma kunnenta, ka rasa mutuncinka a wurinta, ita kuma ka ɓata mata suna a banza.

Ke kuma 'yata, karar da kike yi tana cutar da shi. Idan kin san ba kya yi, kada ki bari a kai ga kayan azumi da toshin salla da sabuwar waya. Kowace kyauta da kika karɓa, shi alkawari yake lissafa ta. "Zan yi shawara" na wata shida zalunci ne. Idan bakinki ya yi nauyi, akwai yaya, akwai gwaggo, akwai matar yaya. Su faɗa masa da wuri, tun abin bai kai ga manya ba.

Ki kuma lura da naki kuskuren fahimtar. Zaƙin baki da yawan kira da saka miki kati ba su ne niyyar aure ba. Mai niyya yana son a san shi a gidanku, yana gaishe da iyaye, yana faɗin inda yake zaune da sana'arsa ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya fi son ku haɗu a waje, wanda idan kika ce "Baba ya ce ka turo" sai ya ɓata rai ko ya ɓace na mako biyu, ya riga ya ba ki amsa. Tambayar yaushe zai turo magabatansa haƙƙinki ce, babu zubar da aji a ciki. Idan ya ce bai shirya ba, tambayi me ya rage da kuma lokacin da yake sa rai. Mai gaskiya yana da amsa, ko da ba mai daɗi ba ce: ginin ɗaki ne, ko yayansa ake jira, ko kammala hidimar ƙasa.

Iyaye, ku ma kuna fassara shiru yadda kuke so. Gaskiya ne hadisi ya zo cewa izinin budurwa shi ne shirunta, saboda kunyarta. Amma malamanmu na Malikiyya sun so a sanar da yarinya tun farko cewa shirun nata za a ɗauke shi a matsayin yarda. Kuma Khansa'u bint Khizam, wadda bazawara ce mahaifinta ya aurar da ita ba ta so, da ta kai ƙara Annabi (SAW) ya warware auren. Yarinyar da uba ya kira gaban kawunnanta ya tambaye ta, me za ta iya cewa? Ku sa wadda ta saba da ita ta tambaye ta a ɗaki, su biyu. Yarinyar da ta daina cin abinci tun ranar da aka karɓi kuɗin gaisuwa, ta riga ta yi magana.

Idan "an ce" ta shigo

Da zarar an sa rana, masu kawo labari sukan yi yawa. An ce yana shaye-shaye. An ce an gan ta a otal. An ce ya taɓa saki biyu a wani gari. Wasu labaran gaskiya ne kuma suna ceton rai, don haka ba na cewa a toshe kunne. Aya ta 6 a Hujurati cewa ta yi a nemi tabbaci, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a wayi gari ana nadama.

Ka tambayi mai kawo labarin abu uku cikin sanyin murya. Da idonka ka gani ko ji ka yi? Yaushe, a ina? Za ka iya maimaitawa a gabansa? Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Mai sharri kuwa da ya ji ta uku zai ce "ni dai kada ka ce ni na faɗa". Sannan ka duba me zai samu idan abin ya watse. Tsohon saurayi ne? Ƙawa ce da ita ma take so? Dangi ne da suka so a yi tuwona maina?

Hoton hirar waya ma ba hujja ba ce kai tsaye. Ana yanke sama da ƙasa, ana sauya sunan da ke kan lamba, ana tono hirar shekara uku a kawo ta kamar ta jiya. Wata yarinya a unguwarmu an fasa aurenta da irin wannan hoton bayan an kawo lefe. Da gaskiya ta fito, hirar tun kafin ta san angon ce, amma a lokacin an riga an mayar da akwatuna, iyaye sun yi wa juna maganganun da ba sa gogewa. Har yau gidajen biyu ba sa gaisawa.

Idan labarin ya tsaya maka a rai, tunkari mai abin, amma da tambaya. "Na ji wata magana da ta dame ni, na ga ya fi in ji daga bakinki." Daga nan ka yi shiru ka saurara har ta gama.

Binciken aure

Yawancin binciken da ake yi yanzu na cika al'ada ne. A je unguwa a tambayi mutum biyu a kan dakali, su ce "ai yaron kirki ne, yana salla", a dawo. Wa zai ce maka ɗan maƙwabcinsa ba na kirki ba ne alhali bai san ka ba? An ruwaito cewa Sayyidina Umar, da wani ya zo yana yabon wani mutum, ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun yi tafiya tare, ko cinikin kuɗi ya taɓa haɗa su. Da ya ce a'a, sai ya ce masa to bai san shi ba. Waɗannan ukun nake nema idan an aike ni: maƙwabcin da katanga ta haɗa su, wanda suka yi zama ko tafiya tare, da wanda kuɗi ya shiga tsakaninsu. Mai shagon unguwa da ke ba da bashi ya fi limami sanin wasu abubuwan, ko da yake limamin ma ina zuwa wurinsa, haka mai unguwa.

Kada ka tambaya "yaya halinsa?" Tambayi abin da ake gani. Idan ya ci bashi yana biya? Ƙarfe nawa yake shigowa gida? Su wa yake zama da su? Yaya yake yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa mata magana? An taɓa jin ya ɗaga hannu a kan mace? Idan ya taɓa aure, me ya raba, kuma a ji ta ɓangarori biyu. A wajen yarinya, mata za a tura su shiga gidajen maƙwabta, ba ranar da aka san za su zo ba.

Wanda aka tambaya kuma ya sani amana ce. Fatima bint Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) a kan manemanta biyu, ya faɗa mata ƙarara cewa Mu'awiya ba shi da dukiya, Abu Jahm kuma ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya ba ta shawarar Usama bin Zaid. Faɗin aibin da ya shafi aure ga wanda ya nemi shawara nasiha ce. Ka faɗi abin da ka sani tabbas, gwargwadon buƙata, ka tsaya.

Abu biyu ne suka fi ruɗin masu bincike. Na farko kyan shiga: mota ana aro, shadda ana aro, har gidan da za a nuna ana aro. Na biyu asali. Na ga an hana yaro mai ilimi da sana'a da tsoron Allah don kakansa mahauci ne ko wanzami, na ga an ƙi yarinya don an ce 'yan garinsu ba sa zaman aure. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai. Hukunci ne a kan mutumin da ba a ko zauna da shi ba, kuma sau da yawa wanda aka zaɓa a madadinsa don sunan gida shi ke sa yarinyar kuka.

Lafiya ma ba a gane ta a fuska. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, ciki har da ƙanjamau da ciwon hanta da gwajin jini na sikila. Shawarata kada ku jira sai an sa rana. Mai AS da mai AS, wato masu ɗauke da jinin sikila amma ba su da ciwon, lafiyarsu ƙalau a ido, amma kowane ciki da za a samu yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama SS, wato mai ciwon sikila. Ku yi gwajin tun so bai yi zurfi ba, a asibitin da kuka amince da shi, kowa ya ga sakamakon ɗan'uwansa da idonsa.

Abokai da ƙawaye

Babban kuskure a abota shi ne ɗora mutum a matsayin da bai kai ba. Wanda kuke shan shayi tare a majalisa abokin hira ne. Wadda kuke zama benci ɗaya a aji ƙawar karatu ce. Amini daban yake, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Gwada da ƙaramin abu: faɗa mata maganar da ko ta fita ba za ta cutar da ke ba, ki ga ko za ta dawo miki ta wani bakin. Ara masa kuɗin da ko bai biya ba ba za ka shiga wani hali ba. Sirrin neman aurenki, musamman saɓaninku da abin da ya ba ki, kada ya wuce mutum ɗaya, kuma ya fi kyau ta zama babba a gidanku.

Sai kuma ɗaya gefen, inda ake yar da amini na gaskiya a kan abin da bai kai ba. Ƙawar da ba ta yi ankon bikinki ba, kin tambayi halin da take ciki? Wata kuɗin atamfar ne babu, kunya ta hana ta faɗa, kunyar zuwa ba anko kuma ta hana ta zuwa. Da kin kira kin ce "ki zo da duk abin da kike da shi, ke nake so in gani", da tana gefenki. Wadda ta yi aure ta rage kira, wataƙila laulayi ne, ko gidan yawa ta shiga, ko mijin ba ya son yawan waya. Abokin da ya samu aiki ya daina zama majalisa, sai a ce ya yi kuɗi ya guje mu, alhali tun asuba yake fita, albashin kuma dangi goma ke jiransa. Kafin ka ce ya canza, je ka gan shi. Zumunta a ƙafa take.

A kula da wasa. Muna da wasan taubasai, da na Kanawa da Zage-zagi, da na Fulani da Barebari, kuma yana da daɗi don kowa ya san iyakarsa. Amma wasan da aboki yake ɗauka ku biyu ba lallai ya ɗauke shi a gaban budurwarsa ko surukansa ba. Talaucinsa, rashin aikinsa, jinkirin aurenta, rashin haihuwa, waɗannan ba abin tsokana ba ne ko da mai su yana dariya. Dariyar ta kara ce, zai je gida da abin a ransa.

Idan kuma ka san abokinka yana neman yarinya, ko da ka ga kamar ba ta yi da shi, kada ka shiga sai ya janye ko ya yi maka izini. Annabi (SAW) ya hana nema a kan neman ɗan'uwa. "Na ɗauka sun rabu" ta kashe abotar ƙuruciya da yawa, alhali kira ɗaya zai tabbatar.

Idan ka gano ka zalunci mutum

Kada ka tura saƙo, kada ka aika yaro. Ka je. Addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Faɗi laifin da sunansa: "Na zarge ki da abin da ba ki yi ba, na kuma faɗa wa wance da wance. Ki yafe mini." Kada ka biyo da "amma ke ma". Idan a gaban mutane ka ɓata shi, a gabansu za ka wanke shi, ka koma wurin duk wanda ka faɗa wa ka gyara. Idan abin ya kai ga iyaye, nemi dattijon da ɓangarorin biyu suke jin nauyinsa ya yi maka jagora. Kuma ka sani yafiya daban, komawa kamar da daban. Wanda aka zarga da abin kunya yana da haƙƙin ya yafe ya kuma ja jikinsa, kada ka matsa masa.

Kyautata zato kuma yana da iyaka, ba na so wata ta karanta wannan ta zauna a inda ake cutar da ita. Wanda ya mare ki tun a waje, wanda ya nemi ki tura masa hoton tsiraici, wanda kika kama da ƙarya a kan aikinsa ko matarsa ko 'ya'yansa, wanda kullum yake da wata sabuwar matsala ta kuɗi da ke za ki warware, waɗannan abubuwa ne da kika gani da idonki, ba a nema musu uzuri. Ki faɗa wa babba a gidanku a ranar. Haka abokin da ya fitar da sirrinka ka yafe, ya sake fitarwa: ku ci gaba da gaisawa, amma bakinka ya rufe a gabansa.

Idan janyewa ta zama dole, a yi istihara, sannan a bi ta ƙofar da aka shigo. In magana ba ta kai ga manya ba, ku biyu ko ta hannun yaya ya isa. In an karɓi kuɗin gaisuwa ko an kawo lefe, magabata ne za su je, a lissafa kayan a gaban shaidu a mayar, a faɗi dalili a taƙaice ga waɗanda ya kamata su ji kawai. Hotuna da saƙonnin da ke wayar kowa a goge su, kada ko ɗaya ya fita. Duk wanda ya tambaya a waje, amsar da za a ba shi ita ce Allah bai yi ba, domin shi yaron da ita yarinyar kowannensu zai sake neman aure a garin nan, kuma a kansu za a zo bincike.